Yadda sabon shiga zai duba hob ɗin tsohuwar motar tsere kafin ya hau fili

Wanda ya sayi tsohuwar motar tsere a karon farko, inji yake fara zuba wa ido. Ya buɗe bonet, ya sa a ba ta wuta, ya saurari kukanta, ya leƙa salansa ko tana hayaƙi. Wannan ba laifi ba ne. Amma in inji ya mutu a fili, iyakarta ka gangara gefe a zo a ja ka. In hob ya karye kuwa, taya ce za ta fice da wilinta, sau da yawa har da faifan birki, kuma galibi a tsakiyar kwana abin yake faruwa, lokacin da nauyin mota ya kwanta a kan ƙafar. Shi ya sa a wurina duba hob yana gaba da duba inji. Aiki ne da sabon shiga zai iya yi da hannunsa a yini guda, in dai ya bi a hankali.

Hob shi ne ƙarfen da ke tsakiyar kowace ƙafar mota. Yana da faffaɗar fuska kamar faranti, a nan faifan birki da wili suke zama, a nan ƙusoshin taya suke fitowa. A bayan farantin akwai wuya, a cikin wuyan ko a kansa akwai boris, wanda shi ke ba taya damar juyawa. Duk abin da taya ta ji a ƙasa, na birki ne, na kwana ne, na rami ne, ta wannan ɗan wuyan yake bi ya shiga jikin mota.

Abin da tsere ke yi wa hob

Kamfani ya ƙera hob ne don motar da za ta kai yara makaranta. A fili kuwa an sa mata taya mai faɗi mai danƙo, wadda a kwana ƙarfin da ke tura motar gefe yakan kai nauyin motar kanta, har ya wuce. Wannan ƙarfi a ƙasan taya yake kamawa, nesa da tsakiyar hob, saboda haka lanƙwasa farantin yake yi. Taya na juyawa, wurin da aka lanƙwasa yana canzawa, kowane gefe na farantin ana ja ana saki sau dubbai a zagaye kaɗan na fili. Kamar waya ce da kake lanƙwasawa gaba da baya: ba ta nuna komai har sai ta tsinke a hannunka. Gajiyar ƙarfe ke nan, kuma ba ta warkewa don mota ta yi shekara a ajiye.

Sai zafi. Faifan birki a tsere yakan haura digiri 500 a ma'aunin Selshiyas, ga shi manne da fuskar hob. Boris na yau da kullum an yi shi ne ya yi aiki ƙasa da digiri 120 ko makamancin haka, giris na litiyam na gama-gari kuma yana narkewa ya zama ruwa kafin digiri 200. Ga duka daga dakalin bakin kwana da direbobi ke hawa da gangan don rage tafiya. In motar ta wasan zamiya ce irin tsofaffin BMW da samari ke juyawa, ƙara da sifesa da ake sa wa taya don ta fito waje, wadda ke ƙara wa taya hannun da za ta lanƙwasa hob da shi.

Misali sananne shi ne Mazda MX-5 ta farko da ta biyu, waɗanda aka yi daga 1989 zuwa 2005. A Amurka akwai ajin tsere guda nata, Spec Miata, kuma masu wannan aji sun daɗe da ɗaukar hob ɗin gaba a matsayin kayan ƙarewa, kamar takalmin birki. Wasu duk kaka suke canzawa, wasu ba sa jiran kakar ta ƙare. Wannan tunani nake so ka shiga aikin da shi.

Fara sanin irin naka

Iri huɗu za ka fi haɗuwa da su. Akwai na da, mai boris biyu masu gangara da ke fuskantar juna, ana saita su da noti, ana wanke su a sake musu giris. Akwai wanda boris ɗinsa dunƙule ne da ake dannawa da injin matsi cikin nokul, wato ƙarfen ƙafa da ke riƙe da hob da birki, sannan a danna hob a cikinsa. Haka ƙafar bayan MX-5 da ta BMW E36 suke, haka gaban yawancin tsofaffin Honda Civic da Golf. Akwai wanda boris da faranti suke haɗe wuri ɗaya, a zura su kan sanda a ɗaure da babban noti guda, irin gaban E36 da gaban MX-5. Na huɗu shi ne na motocin baya-bayan nan, dunƙule guda da ake ɗaure shi a nokul ta baya. Nemo littafin gyaran motarka tun kafin ka taɓa sifana, domin duk wani awon ɗauri da iyakar wasa a can yake. In an sauya mata ƙafa daga wata mota, kamar yadda ake yawan yi wa motocin tsere, to littafin waccan motar za ka nema.

Kayan aiki ba su da yawa: jak, ƙafafun ƙarfe na tokare mota, sifanar awon ɗauri, doguwar sanda ta kwance noti, soket ɗin da ya yi daidai da babban noti (na gaban E36 milimita 46 ne, ba kowane gareji ke da shi ba), burushin ƙarfe, man wanke birki, tocila mai haske sosai, gilashin ƙara girma, agogon awo mai gindin maganaɗisu, da gwangwanayen gano tsaga guda uku: ja, ruwan wanki, da fari. Kada ka shiga ƙarƙashin mota ko ka girgiza ta tana kan jak kaɗai. Bulo ma ba abin dogaro ba ne, farfashewa yake yi ba sallama.

Kafin komai, tambayi mai sayarwa. Yaushe aka canza hob na ƙarshe, na wane kamfani ne, kaka nawa ya yi, wace irin taya ake sa mata, ta taɓa dukan bango ko wata mota a wane gefe. In tana da littafin tsere, karanta shi shafi-shafi, a nan alƙalan fili kan rubuta in ta yi hatsari. In ya ce maka «ai lafiyarsu ƙalau, ba su taɓa ba ni matsala ba» amma ba shi da takarda ko kwanan wata, ka rubuta a littafinka cewa ba a san shekarunsu ba.

Tana ƙasa, sannan tana sama

Tun tana kan tayoyinta, ɗora sifanar awo a kan kowane noti na taya ka ji yadda aka ɗaure su. MX-5 tana son tsakanin 89 da 118 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar. In ka tarar wasu sun yi sako-sako, ko sai ka hau kan sanda da ƙafa kafin su motsa, ka san irin hannun da motar ta fito. Notin da aka saba ɗaure shi da bindigar iska har ya wuce kima ya riga ya ja ƙusarsa.

In akwai wuri killatacce da za ka iya tuƙa ta, ɗan ja ta, ka riƙa karkata sitiyari hagu da dama a hankali. Boris da ya fara ci yana gunji mai ƙaruwa da gudu, kuma gunjin ya fi tashi in nauyi ya hau kansa: in ka karya hagu ya ƙaru, ƙafar dama ka fi zargi. Sai dai motar tsere ba kujeru ba kafet, salansa a buɗe, komai nata ƙara yake yi, don haka rashin jin gunji ba shaida ba ce.

Yanzu ɗaga ta, ka tokare, notin taya suna nan a ɗaure. Kama taya sama da ƙasa, hannu ɗaya na turawa ɗaya na jawowa, ka yi da ƙarfi amma ba da fizga ba. Sannan ka kama ta gefe da gefe ka maimaita. Abin da kake nema ɗan ƙwas ne da za ka ji a tafin hannu kafin kunne ya ji. In ka ji shi, sa wani ya zauna ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. In wasan ya ɓace, boris ne, domin birki ya ɗaure faifai da nokul wuri ɗaya. In yana nan, nemi boljoyin in sama da ƙasa ne, ko kan tayarod in gefe da gefe ne. A boris ɗin da yake dunƙule, kowane irin wasa da hannu ya iya ji hukuncinsa canji ne. Na da mai gangara ne kaɗai aka yarda ya yi ɗan wasa, shi ma tsakanin milimita 0.025 da 0.127, wanda da ƙyar hannu ke kama shi.

Sai juyawa. Tura takalmin birki baya kaɗan don kada ya riƙa gogar faifai ya rufe maka sauti. Wulwula tayar da hannu, ɗaya hannun ka ɗora a kan sifirin ɗin ƙafar. Boris mai lafiya ba za ka ji komai a sifirin ba. Wanda ya ci kuwa za ka ji ɗan kaɗawa a yatsunka, gir-gir, ko da kunne bai ji komai ba. Yi wa ƙafa huɗun, ka gwada hagu da dama. Bambanci tsakaninsu ya fi kowane awo saurin tona asiri.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce hob lafiya lau. Girgiza da juyawa boris kawai suke gwadawa, shi ma sai ya yi nisa da lalacewa. Farantin da ya tsage rabi zai iya cin wannan jarrabawa ba tare da ya motsa ba.

Cire taya, ka karanta abin da ke baya

Kwance notin da hannu bayan ka karya ɗaurinsu, kana lura. Noti ya kamata ya tafi sumul har ƙarshe. Wanda ya cije a tsakiya yana gaya maka zaren ƙusar ya buɗe a wurin, wato ƙusar ta miƙe. Haska kowace ƙusa da tocila daga gindi: wadda ta sirance a wani wuri, ko zarenta ya kwanta, ko ta ɗan karkace, ta gama aiki. In ɗaya ta lalace a ƙafa, canza na ƙafar duka, don tare suka sha wahala. Kuma ƙirga zagaye nawa noti ke yi kafin ya kama wili. Ƙa'idar ita ce zaren ya shiga aƙalla tsawon kaurin ƙusar. A ƙusa mai milimita 12 da tazarar zare 1.5, zagaye 8 ke nan. Da sifesa ko wili mai kauri sau da yawa ba ya kaiwa, kuma wannan kaɗai ya isa ya cire taya. BMW daga kamfani ƙusa mai kai take amfani da ita, wadda ake ɗaurawa cikin ramin hob, don haka a nan zaren ramukan za ka duba. In an mayar da ita mai ƙusoshi a tsaye, tabbatar babu wadda ke juyawa a gindinta.

Juya wilin ka dubi bayansa. Ramukan noti su kasance zagayayyu, ba waɗanda suka zama ƙwai ba. Baƙar ƙura ko jan gari mai kama da tsatsa da ya yi zane daga bakin rami zuwa waje alama ce wili ya taɓa motsi a kan hob yana tafiya. Gwada kuma ramin tsakiyar wili da leɓen hob: na MX-5 milimita 54.1 ne, na E36 kuma 72.6. In ramin wilin ya fi girma, a ga zoben cike giɓi a wurin.

Kwance kalifa, ƙarfen da ke rungume da faifan birki, ka rataye shi da waya a jikin sifirin. Kada ka bar shi yana lilo a kan tiyon man birki. Cire faifan. In ya manne, buga shi da hamar roba a hankali, kada ka sa ƙarfe, don kowane duka boris ne ke shan sa.

Goge fuskar hob da burushin ƙarfe har ƙarfen ya fito fes, musamman gindin ƙusoshi da leɓen tsakiya. Ɗan ɓarɓashin tsatsa a nan ya isa ya sa faifai ya zauna a karkace, ka yi ta canza faifai kana cewa ya lanƙwashe. Dubi launin ƙarfen. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar busasshiyar ciyawa, ya taɓa kai digiri 200 da ɗoriya. In ya yi shuɗi, ya kusanci 300. A irin wannan zafi ƙarfen boris yana sakin taurinsa, giris kuma ya riga ya ƙone.

Kafa agogon awo a jikin nokul, bakinsa ya taɓa fuskar farantin kusa da gefe, waje da layin ƙusoshi in akwai wuri. Mayar da allura kan sifili, ka juya hob a hankali zagaye ɗaya, ka rubuta tazarar da ke tsakanin inda allurar ta fi hawa da inda ta fi sauka. Yawancin littattafan gyara ba sa yarda ta wuce milimita 0.05. Abin da ya haura haka, ko faranti ya lanƙwashe daga duka, ko boris yana wasa. Kafin ka ɗauke agogon, tura hob ciki ka jawo shi waje, allurar za ta nuna maka wasan da hannunka ya kasa ji.

Neman tsaga

A nan nake so ka kashe mafi yawan lokacinka. Tsaga ba ta fara fitowa a fuskar da kake gani. Wurarenta uku ne: lungun bayan faranti inda ya haɗu da wuya, gefen ramukan ƙusoshi, da kuma duk inda aka taɓa huda, ko aka sassaƙe, ko aka yi walda. A lungun baya ta fi ɓuya, tana bin zagayen wuyan, a ƙarƙashin tsatsa da ƙurar birki. A wasu motoci za ka iya leƙa wurin da tocila da ɗan madubi kana juya hob, amma cikakken dubawa sai an cire shi.

Wanke wurin tas da man wanke birki, ya bushe. Kada ka goge shi da girinda ko sanfefa mai kaushi, domin suna shafe ƙarfe ya rufe bakin tsagar. Fara da ido da gilashin ƙara girma, tocila a kwance tana haskawa daga gefe don inuwa ta fito da layi. Tsagar gajiya siririya ce kamar gashi, wani lokaci da jan gari a bakinta.

Sannan gwangwanaye ukun. Fesa ja, ya jiƙa wurin sosai, ka bar shi kamar minti 10 zuwa 15 ya tsotsu. Goge shi da busasshen tsumma, sannan da tsumman da ka ɗan jiƙa da ruwan wankin. Kada ka fesa ruwan wankin kai tsaye a kan ƙarfen, zai wanke jan da ya shiga tsagar, ka ga fari tas ka yi murnar banza. Sai ka fesa farin, shafi ɗaya marar kauri, ka zauna ka zuba ido. Inda ƙarfe yake lafiya fari zai tsaya fari. Inda akwai tsaga, jan layi zai fara ɓullowa cikin farin, siriri da farko, yana faɗi a hankali. Ɗigo-ɗigon ja da suka jeru a layi ɗaya su ma tsaga ce mai matsatsen baki. Kada ka yi wannan aiki a kan ƙarfe mai zafi ko a tsakiyar ranar bazara, jan zai bushe kafin ya shiga, nemi inuwa.

In gwangwanayen sun gagara samuwa, tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa tana nan: a jiƙa ƙarfe da kananzir gauraye da ɗan baƙin mai, a goge, a shafa garin alli, a ɗan ƙwanƙwasa, man da ya ɓuya a tsaga ya fito ya ɓata allin. Tana kama babbar tsaga, ƙarama kan tsere mata, don haka kada ka kafa hujja da ita. Wanda ya fi duka shi ne gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe, wanda masu gyaran manyan injina da kamfanonin duba bututun mai ke yi. In akwai mai yi kusa da kai, kai masa hob huɗun da nokul ɗinsu a tafiya ɗaya.

Hob da ya tsage ba a yi masa walda. Mai walda zai ce maka zai kama, kuma a ido zai kama, amma zafin waldar ya canza ƙarfen da ke kewaye, sabuwar tsaga a gefen ɗinkin za ta fito. A jefar da shi inda wani ba zai tsinta ya sayar ba, kuma a canza ɗan'uwansa na ɗaya gefen.

Ciki

Babban notin tsakiya yawanci an buga leɓensa ya shige wata 'yar tsaga a jikin sanda, ko an soka masa 'yar ƙusa mai ƙafa biyu. Ɗaga leɓen kafin ka kwance, in ba haka ba zai cinye zaren sandar. A ƙafar da shaf ke ja, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya, kada ka kuskura ka sauke mota ƙasa ka tura ta alhali wannan noti a kwance yake. Shi ke riƙe rabi biyun boris ɗin wuri ɗaya, ɗan turi kaɗan ya isa ya lalata shi.

Ka sani tun yanzu cewa wasu ba sa fita lafiya. Hob ɗin gaban E36 sau da yawa yakan baro zoben ciki manne a kan sanda, boris ɗin da aka danna da injin matsi kuma cire hob daga cikinsa kashe shi ne. Saboda haka sabo ya kasance a hannunka kafin ka kwance. Na gaban MX-5 da na da mai gangara su ne ake iya buɗewa a wanke.

Giris shi ne mai ba da labari. Lakato shi ka murza tsakanin yatsa biyu a cikin haske. Mai lafiya yana da santsi da launinsa. Baƙi mai ƙauri da ya daskare, zafi ne. Mai fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Mai ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin azurfa, ƙarfen boris ne ke ɓarewa. Mai ƙaiƙayi a yatsa kuwa yashi ne, sil, robar da ke tare datti, ya mutu, abin da ke saurin faruwa ga motar da ake wasa da ita a fili mai ƙura. Wanke ƙwallayen da hanyarsu, ka duba ko akwai ɓarewa, ko ramuka, ko shuɗi. Kada ka wulwula busasshen boris da iskar kwamfireso.

Akwai wani tabo da ya shafi motar da ta zo daga nesa. Ƙananan lotsawa masu tazara daidai da tazarar ƙwallayen, ko dai daga duka mai ƙarfi suke, ko daga doguwar jijjiga alhali taya ba ta juyawa. Tun shekarun 1930 aka gano na biyun a Amurka, a sababbin motocin da ake ɗauka a jirgin ƙasa. Motar da ta yi makonni a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, sannan aka ɗaure ta tam a bayan tirela zuwa arewa, tana iya isowa da shi ko da mai ita na can ya riƙe ta da kyau.

Dubi sandar da hob ke zama a kai: wurin zaman boris ya zama sumul, ba gurbi, ba shuɗi, ba jan gari. Yi mata gwajin ja da fari a gindi, inda ta haɗu da nokul. In boris na matsi ne, duba ramin nokul. In ya yi sheƙi kamar an goge shi, zoben waje ya taɓa juyawa a ciki, sabon boris ba zai kama ba. A ƙafar da ke ja, zura shaf cikin haƙoran hob ka murɗa hagu da dama, kada ka ji wasa. In motar na amfani da ABS, tsarin hana taya kullewa a birki, duba zoben haƙoransa da wayar.

Hukunci da saye

Ga ra'ayina kai tsaye. In ba ka san ranar da aka sa hob ba, canza shi kafin fitarka ta farko, ko da ya ci duk gwajin nan. Gwajin ja da fari yana nuna tsagar da ta riga ta buɗe baki ne, ba ya nuna saura nawa ƙarfe ya gaji. Amfanin duban shi ne ka san yadda aka riƙe motar, ka gano ko nokul da sanda da wili sun taɓu, ka kuma sami hujjar rage kuɗi in ba ka biya ba tukuna. Waɗanda suka fito lafiya a ajiye su a akwati don ranar larura.

Wajen saye a yi hattara. Jabun boris ya cika duniya, kwalinsa da tambarinsa sak na SKF ko FAG ko NSK ko NTN ko Koyo ko Timken. Ko a Ƙofar Ruwa kake saye, ko Panteka, ko Ladipo, ko ta intanet, nemi dilan da zai ba ka rasit ya tsaya a kan kayansa. SKF na da manhajar waya, SKF Authenticate, da ake tura hoton kaya su duba. In kuɗin ya yi ƙasa ƙwarai da na ko'ina, araha ba ta ado. Hob ɗin da aka ciro daga wata mota kuwa, wanda ake cewa ganga ne, a motar gida yana iya yin amfani, a motar tsere ka koma gidan jiya ne, don shi ma ba ka san tarihinsa ba.

Mayarwa da fitar farko

Komai ya zama tsaf kafin haɗawa. In boris na matsi ne, a danna shi da inji ta zoben waje lokacin shiga nokul, a tokare zoben ciki lokacin shigar hob. Ƙarfin matsi kada ya bi ta cikin ƙwallaye. Tsaya a kan mai yi maka aikin, in ka ga ya ɗauko guduma ka karɓi kayanka. In mai buɗewa ne, cika shi da giris mai jure zafi, na litiyam kwamfles ko makamancinsa, kuma kada ka gauraya iri biyu. Sabon noti kowane lokaci, sabuwar 'yar ƙusar makulli. Ɗaure da sifanar awo: gaban MX-5 tsakanin 167 da 216 Nm, gaban E36 kuma 290 Nm. A waɗannan, ɗaurin notin shi ne saitin boris ɗin, kasawa ko wucewa duk suna rage masa kwana. Na da mai gangara dabam ne: a ɗaure ana juya taya don ya zauna, a sassauta, sannan a saita shi da ɗan wasan da littafi ya faɗa. Buga leɓen notin, ka ja layin fenti daga noti zuwa sanda, don kallo ɗaya ya nuna maka in ya motsa.

Mayar da faifai a kan tsabtatacciyar fuska, ka riƙe shi da noti, ka sake auna karkata a kansa. Notin taya a ɗaure su a tsallake, ɗaya sannan na ɗaura da shi, zaren a bushe sai in littafi ya ce a shafa wani abu. Taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin mota ta motsa.

A fili, yi 'yan zagaye a matsakaicin gudu ka dawo. Auna zafin tsakiyar kowane hob da na'urar auna zafi ta nesa, ka gwada hagu da dama. Wanda ya zarce ɗan'uwansa sosai, ko boris ne ko birki na riƙewa. Bari ƙafafun su huce kafin ka sake bin notin taya da sifanar awo. In birki ya riƙa yin nisa bayan kwana mai ƙarfi, sai ka taka sau biyu yake kamawa, kada ka tsaya ga zargin iska a mai: hob mai wasa yana sa faifai ya ture takalmin birki baya. Fito daga fili a wannan zagayen.

Daga nan, girgiza da juyawa bayan kowace fita, tun ƙafar na da ɗumi, domin wasa ya fi bayyana a lokacin. Gwajin ja da fari duk sanda ka cire faifai, da bayan kowane duka, ko na bango ko na wata mota ko na dakali mai tsanani. Buɗe shafi huɗu a littafi, ƙafa ɗaya shafi ɗaya, ka riƙa rubuta ranar da aka sa hob, kamfaninsa, awon agogo, irin tayar da ke kai, da awannin da ya yi a fili. Ƙafar gaba da ke waje a yawancin kwanonin filinku ita za ta riga sauran gajiya, don haka a filin da aka fi karyawa dama, shafin gaban hagu za ka fi yawan buɗewa.